Yaron da ya kasa ɗaga jikinsa ko sau ɗaya, da abin da awon 'yan wasa yake iya faɗa

Yau za mu yi nisa da gida, mu je ƙasashen da ruwa ke daskarewa watanni a shekara, mu yi maganar wasan da yawancinmu ba mu taɓa gani ba sai a tele ko a salula: ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ake ce wa hoki. Mun san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ake layin saye in zafin Afrilu ya taso. A dai yi haƙuri a karanta. Mutanen wannan wasa sun yi shekaru suna auna yara da matasa, ƙarfinsu, gudunsu, numfashinsu, har bugun zuciyarsu, kuma sun tara labarin inda awon ya yi rana da inda ya yaudare su. Duk mai ɗa a filin wasa, ko wane irin wasa ne, yana da abin ɗauka a ciki.

Ga wanda bai san wasan ba, fili ne na ƙanƙara mai tsawon mita 60 da 'yan kai, an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida. Takalmansu akwai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da shi suke sulɓi. Maimakon ƙwallo, wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma in gwani ya maka masa gora yana iya wuce kilomita 160 a awa. Ana yin zubi uku, kowanne minti 20. Inda ya sha bamban da ƙwallon ƙafa shi ne ɗan wasa ba ya daɗewa a fili. Zai shiga ya yi kamar sakan 45 yana gudu iya ƙarfinsa, ana bangaje shi ana haɗa shi da katanga, ya fito ya zauna ya huta, a sake tura shi. Haka zai yi ta yi, sau ashirin ko fiye a wasa guda. Wato ana neman jikin da zai ƙone ƙarfinsa duka cikin ƙasa da minti ɗaya, ya kuma maido shi kafin a sake kiransa.

Babbar gasar wasan ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada. Duk shekara suna zaɓen sabbin matasa 'yan shekara 18, zagaye bakwai, kowace ƙungiya da layinta. Makonni kaɗan kafin zaɓen, sai a tara kusan ɗari daga cikin waɗanda aka fi sa wa ido, da can a Toronto, tun 2015 kuma a Buffalo. Likitoci su duba su, shugabannin ƙungiyoyi su zauna da su ɗaya bayan ɗaya suna yi musu tambayoyi, sannan a shiga awo. A auna tsawo da nauyi da faɗin hannuwa in an ware su. A sa yaro ya yi tsalle daga tsaye a ga nisan da ya kai, ya yi tsalle sama a kan wani faranti mai lissafa ƙarfin kowace ƙafa. A ba shi abu ya damƙe a ga ƙarfin damƙarsa. Ya ɗaga ƙarfe yana kwance, ya rataya a sanda ya ja jikinsa sama har haɓarsa ta wuce ta, ya yi gudu dama da hagu tsakanin layuka.

Biyun da yaran suka fi tsoro a kan keke ake yinsu, irin keken da ba ya tafiya. Na farko ana kiransa Wingate, sunan wata cibiyar wasanni a Isra'ila inda aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970. Sakan 30 ne kacal, amma an ɗaure keken da nauyi, kuma dole ka taka iya ƙarfinka daga farko har ƙarshe ana yi maka ihu a kunne. Da yawa suna sauka su nufi bokiti su yi amai. Na biyun kuwa a sa maka bututu a baki, a yi ta ƙara wa keken nauyi har ka kasa, don a san yawan iskar da jikinka yake iya sha ya yi aiki da ita. Na farko yana nuna wutar da za ka kunna a sakan 45 ɗin nan, na biyu yana nuna saurin da za ka farfaɗo.

Ga abin da zai ba ku mamaki: a duk wannan awon, ba a taka ƙanƙara ko sau ɗaya. Babu gora, babu faifai, babu abokin karo.

To a 2014 aka yi abin dariya a wurin. Wani yaro ɗan Kanada, Sam Bennett, wanda masu sa ido na gasar suka sa shi na ɗaya a cikin matasan Arewacin Amurka, ya rataya a sanda ya kasa ɗaga jikinsa ko sau ɗaya. Sifili. Hoton ya zagaya intanet, aka yi ta yi masa ba'a, wasu suka ce ai an gama da shi. Ƙungiyar Calgary ba ta saurare su ba, ta ɗauke shi a na huɗu. Bayan shekara goma ya ci kofin Stanley da ƙungiyar Florida a 2024, suka maimaita a 2025, kuma a wannan karon shi aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe, da ƙwallaye 15. Wanda aka yi wa dariya saboda rashin ƙarfi, yau an san shi a cikin waɗanda abokan hamayya suka fi ƙin haɗuwa da su a bakin katanga.

Masu ƙin awo suna son wannan labari ƙwarai. Suna haɗa shi da na Martin St. Louis, mai tsawon santimita 173, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi saboda an ce ya cika gajarta. A 2004 shi ne gwarzon gasar baki ɗaya, ya kuma ci kofi da Tampa Bay. Sai su ce kun gani, ma'auni ƙarya ne, ido da zuciya su ne gaskiya. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Keke ba ya auna yaron da yake ganin inda faifai zai je tun kafin a buga shi. Sanda ba ta san wanda in an ci su biyu ya ƙara zama namiji, da wanda jikinsa ke mutuwa ba.

Amma mu ba mu tare da su, kuma labarin Bennett ɗin kansa shi ne dalilinmu na farko. 'Yan watanni bayan wancan sifili, aka yi masa aikin tiyata a kafaɗa, ya rasa mafi yawan kakar wasan. Duniya ta ga sifili ta karanta shi a matsayin hukunci, wasu suka ce rago ne, wasu suka ce awon banza ne. Alhali tambayar da ta kamaci mai hankali ita ce: yaron da ya fi kowa iya wasa, me ke damun saman jikinsa? Lamba takan nuna wa mutum inda zai leƙa, aikin leƙawar kuwa nasa ne.

Kanada kanta sai da ta sha kunya kafin ta yarda jiki abin tanadi ne. A watan Satumba na 1972 aka haɗa manyan 'yan wasanta da na Tarayyar Sobiyet, wasanni takwas. 'Yan Kanada sun dawo daga hutun bazara da tumbi, suna ganin cin banza za su yi. Su kuwa 'yan Sobiyet sun taso ne a tsarin da Anatoli Tarasov ya kafa, na horo kusan duk shekara, a kan ƙanƙara da kuma a kan tudu, gudu da tsalle da ɗaga ƙarfe. A wasan farko a Montreal, Kanada ta fara cin biyu, sannan numfashi ya ƙare, aka tashi 7 da 3, baƙi sun ci. Daga baya Kanada ta sha da ƙyar, da ƙwallon da aka ci saura sakan 34 a wasa na takwas a Mosko. Amma darasin ya shiga. Yau babu ɗan wasan da ke zuwa sansanin farkon kaka don ya rage ƙiba, da shirinsa yake zuwa, domin ranar farko za a auna shi a gwada da lambobinsa na bara.

Wannan kalma ta "bara" ita ce zuciyar maganarmu. Awon da ke da amfani shi ne wanda ake gwada yaro da kansa: me ya yi wata uku da suka wuce, me ya yi yau, me za mu sauya a horonsa. Awon da ke ɓarna shi ne wanda ake jera yara a gwada su da juna sau ɗaya, a ce na sama su zauna, na ƙasa su tafi gida. Kayan aikin iri ɗaya ne, agogo ɗaya, igiya ɗaya. Niyyar mai riƙe da su ce ta bambanta.

Bari mu ba da misalin yadda na farkon yake aiki. Sulɓi a kan ƙanƙara yana wahalar da matsematsi, domin ƙafa gefe take turawa, ba baya ba kamar mai gudu. Ciwon matsematsi ya daɗe yana kwantar da 'yan wasan. Wasu masu bincike suka auna 'yan wata ƙungiyar NHL kafin a fara kaka, suka gwada ƙarfin naman da ke jawo cinya ciki da wanda ke tura ta waje. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna wanda na cikinsa bai kai kashi 80 cikin ɗari na na wajen ba, haɗarin ya ji wannan ciwo ya ninka sau 17. Me suka yi da masu raunin? Ba su kore su ba. Sun ware musu atisaye na makonni don ƙarfafa wurin, ciwon ya ragu sosai. Kun ji aikin ma'auni.

Akwai kuma inda awo ya wuce maganar kofi, ya zama maganar rai. A 2008 wani matashi ɗan Alaska, David Carle, ya je wannan awon yana sa ran za a zaɓe shi da wuri. Na'urar duba bugun zuciya ta nuna wani abu ba daidai ba. Aka ƙara bincike, aka gano naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima, irin ciwon da ke kayar da matashi mai ƙoshin lafiya ana tsakar wasa. Yana shekara 18 aka ce masa wasa ya ƙare. Ku auna ɗacin wannan rana. Tampa Bay ta zaɓe shi a zagayen ƙarshe don girmamawa, jami'ar Denver kuma ba ta janye tallafin karatun da ta yi masa alkawari ba, ta sa shi cikin masu taimaka wa mai horarwa. A 2018 ya zama shugaban masu horarwa na jami'ar, ya ci kofin jami'o'in Amurka a 2022 da 2024, ya kai matasan Amurka ga zinare na duniya a 2024 da 2025.

A shekarar nan dai ta 2008, cikin Oktoba, Alexei Cherepanov, ɗan Rasha mai shekara 19, wanda ƙungiyar New York Rangers ta riga ta zaɓa, ya faɗi a benci ana dab da tashi daga wasa. Zuciya ce. Motar ɗaukar marasa lafiya ta riga ta bar filin, sai da aka sake kiranta. Bai tashi ba. Mu nan ba sai an ba mu labarin irin wannan ba, wanda ya kalli Kamaru da Kolombiya ran 26 ga Yuni 2003 bai manta yadda Marc-Vivien Foé ya kife a tsakiyar fili a Lyon ba, kuma ciwon da aka samu a zuciyarsa shi ne irin na Carle. Duk wanda zai ce mana awo ɓata lokaci ne, ya fara amsa wannan.

To amma mu koma ga ɓarnar, domin ita ce ta fi yawa, kuma a kan ƙananan yara take faɗawa. A tsakiyar shekarun 1980 wani masani ɗan Kanada, Roger Barnsley, da abokan aikinsa suka lura da wani abu a jerin sunayen manyan matasan wasan: kusan huɗu cikin goma an haife su ne tsakanin Janairu da Maris, waɗanda aka haifa tsakanin Oktoba da Disamba kuwa kamar ɗaya cikin goma. Ba tauraro ba ne, ba sa'a ba ce. A Kanada ana raba yara rukuni-rukuni bisa shekarar haihuwa, daga 1 ga Janairu. Ɗan Janairu da ɗan Disamba suna rukuni ɗaya, alhali akwai kusan shekara guda tsakaninsu. A shekara tara ko goma, wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne. Babban ya fi tsawo, ya fi gudu, ya fi ƙarfi. Mai horarwa ya auna, ya ga lambobi, ya ce wannan ne mai baiwa. A kai shi ƙungiya ta sama, ya samu ƙwararren malami, ya samu ƙarin lokaci a fili. Bayan shekara biyar ya fi ɗan Disamba da gaske, sai a ce kun ga awonmu bai yi ƙarya ba. Alhali awon ne ya gina bambancin da hannunsa.

Wani binciken da aka buga a 2013 ya ƙara tona asirin. Ya duba zaɓen NHL na shekaru da dama, ya ga ƙungiyoyi suna fifita 'yan farkon shekara, amma 'yan ƙarshen shekarar da suka samu tsallakewa sukan fi yin abin kirki in aka gwada da matsayin da aka zaɓe su. Manyan ƙungiyoyi masu kuɗi da kwamfuta da likitoci ke nan, su ma girman jiki yana ruɗarsu. Ina ga mai horar da yara a unguwa?

A nan ne abin ya taɓo mu kai tsaye. Ku duba katin shaidar mutanen gidanku, ku ƙirga nawa aka rubuta musu 1 ga Janairu. Da yawanmu ba a yi mana takarda ranar haihuwa ba, sai da za a shiga lakkol ko jarrabawa aka ƙiyasta. In a ƙasar da aka san ranar haihuwar kowa wata goma sha ɗaya ya isa ya karkatar da zaɓe haka, to ina ga inda yara biyu masu takarda iri ɗaya za su iya samun tazarar shekara biyu ko uku? Abin da ya sa tun 2009, a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya, FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu ke nan. Amma wannan hoton kama mai ƙaryar shekaru yake yi. Ba ya maido yaron da aka sallama yana shekara goma sha biyu don kawai bai fara girma ba.

Abin da ya burge mu da mutanen hoki shi ne, da lamba ta nuna musu laifin tsarinsu ne, sun taɓa tsarin. A da can, a lardin Alberta ana barin 'yan shekara 11 da 12 su yi karo da jiki, a lardin Kebek kuwa ba a bari. Masu bincike a jami'ar Calgary, ƙarƙashin Carolyn Emery, suka bi yara sama da dubu biyu a lardunan biyu, suka buga sakamako a 2010: inda ake karon, rauni da girgizar ƙwaƙwalwa sun ninka sau uku. An yi gardama mai zafi, tsofaffin 'yan wasa suna cewa za a mayar da yara ragwaye. Duk da haka a 2013 hukumar wasan ta Kanada ta hana karon ga 'yan ƙasa da shekara 13. Haka kuma Amurka tun 2009 ta fara mayar da ƙananan yara wasa a yankin fili maimakon fili duka, saboda a babban fili yaro ɗaya mai gudu ne ke riƙe faifai, sauran suna binsa a baya. A ƙaramin fili kowa yana taɓawa, kowa yana juyi, kowa yana koyon fita daga matsi. Ita ma gasar NHL tun 1997 take gwada tunani da saurin fahimtar kowane ɗan wasa yana lafiya, ta ajiye, domin ranar da ya bugu a kai a samu abin gwadawa kafin a bar shi ya koma fili. Nan ma da kansa ake gwada shi.

Ba za mu ɓoye ba, awon ya zama kasuwa a can. Wasan mai tsada ne, kaya da kuɗin fili da tafiye-tafiye, kuma kamfanoni sun gane cewa uban da ke mafarkin ɗansa zai shiga NHL zai biya a ba shi takarda mai zane-zane da ke cewa ɗansa ɗan shekara tara ya fi kaza cikin ɗari na sa'o'insa. Wannan takarda ba ta da wani amfani ga yaron. Ko dai ta kumbura masa kai, ko ta karya masa gwiwa, ko ta sa uban ya hana shi duk wani wasa sai wannan ɗaya, shekara ta zagayo yana abu guda har gaɓoɓi su gaji. Ɗan shekara tara in za a auna shi, a auna ko ya iya tsayawa ta dama kamar yadda ya iya ta hagu, ko ya iya sulɓi da baya, ko yana ɗaga kai in yana tafe da faifai. Abubuwan da za a iya koya masa ranar Talata mai zuwa ke nan.

(Af, kafin mu manta, wasan bai yi mana nisan da muke zato ba. Rumun Ndur, wanda Buffalo ta zaɓa a 1994 ya kuma buga a NHL, a Zariya aka haife shi a 1975, a Kanada ya girma.)

Mai horar da yara a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, na ƙwallo ne ko na kokowa ko na gudu, ba ya da keken Wingate, kuma ba ya bukatarsa. Salularsa tana da agogo. Igiya mai mita 30, alli ko gawayi, da littafi ɗaya na lakkol sun isa. Kowane yaro da shafinsa. Duk wata uku a rubuta tsawonsa a jikin bango, gudunsa na mita 30, tsallensa daga tsaye, tsallensa da ƙafar dama ita kaɗai, sannan da ta hagu. A yi shi da safe kullum, a fili ɗaya, don kada zafin rana ya shiga lissafin. In tsawo ya yi tsalle cikin 'yan watanni kuma gudu ya ja baya, girma ne ya zo, a sassauta masa nauyi, kada a ce ya lalace. In ƙafa ɗaya ta bar ɗaya a baya sosai, a ba mai raunin aiki. Kada a karanta lambobin a gaban jama'a, kada a liƙa su a bango daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Yaron da ya ce ƙirjinsa na ciwo in yana gudu, ko ya taɓa suma a fili, ko a gidansu wani ya taɓa faɗuwa ya mutu yana matashi, wannan kam ba maganar littafi ba ce, a tsayar da shi a kai shi likita a duba zuciyarsa kafin ya sake sa takalmi.